Toshiro Mifune, Jarumin Fina-finan Japan: Tambayoyi da Amsoshi

Masu sha'awar tsofaffin fina-finai kan ci karo da sunan Toshiro Mifune tun kafin su kalli fim ɗinsa ko ɗaya. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa, daga asalinsa har zuwa ƙarshen rayuwarsa.

Wane ne Toshiro Mifune?

Ɗan wasan fim ne na ƙasar Japan. An haife shi ranar 1 ga Afrilu 1920, ya rasu ranar 24 ga Disamba 1997 yana da shekara 77. Ya yi kusan shekara hamsin a harkar, ya fito a fina-finai sama da 150, amma waɗanda suka kai sunansa duniya su ne guda 16 da ya yi da darakta Akira Kurosawa tsakanin 1948 da 1965. Idan ka taɓa ganin hoton wani Bajapane mai buzu-buzun gemu, gashi ɗaure a ƙeya, takobi soke a ɗamara, ya zuro hannu ta wuyan riga yana sosa haɓa yana kallon mutane sheƙeƙe, to shi ne, a fim ɗin Yojimbo.

An ce a China aka haife shi. Ke nan ba ɗan China ba ne?

A'a. An haife shi a birnin Qingdao na China, amma iyayensa duka Japanawa ne, Kiristoci 'yan ɗarikar Methodist. A lokacin birnin yana hannun Japan, wadda ta ƙwace shi daga Jamus a 1914. Daga baya iyalin suka koma Dalian, wani birni na bakin teku da shi ma yake ƙarƙashin Japan, inda mahaifinsa Tokuzo yake da shagon ɗaukar hoto. A wannan shago yaron ya koyi aikin kyamara da wankin hoto. Bai yi zaman Japan ba sai da ya kusa shekara ashirin.

Akwai wani ruɗani kuma da ya shafe mu. A nan wajenmu, da an ga fim da mutanen gabashin Asiya suna faɗa, sai a ce "Chanis" ne, a haɗa su Bruce Lee da Jackie Chan da kowa da kowa a kwando ɗaya. Waɗancan fina-finan Hong Kong ne. Na su Mifune wani abu ne daban: babu tashi sama, babu musayar naushi na minti goma. Mutum biyu za su tsaya suna kallon juna har ka ƙosa, kamar 'yan damben da suka daɗe suna zagaya fili, sai kwab ɗaya, wani ya kai ƙasa, shi ke nan an gama.

Yaya aka yi ya shiga fim?

Ba da niyya ba. An ɗauke shi soja a 1940, aka sa shi a sashen sojan sama mai kula da hotunan da ake ɗauka daga jirgi, saboda sana'ar da ya tashi da ita. Ƙarshen yaƙin ya same shi a wani sansani a tsibirin Kyushu, inda ake sallamar samarin matuƙa jirage da ake turawa harin da ba a dawowa. Da Japan ta miƙa wuya a 1945 ya fito ba gida, ba iyaye, ba aiki.

Wani abokinsa na soja yana aiki a sashen kyamara na kamfanin fim na Toho, sai Mifune ya nemi aikin mataimakin mai ɗaukar hoto a can. Babu gurbi. Takardarsa ta ƙare a wurin gasar neman sababbin fuskoki da kamfanin ya shirya a 1946. Ya je gaban alƙalan a fusace, don ba abin da ya kawo shi ke nan ba. Aka ce ya yi dariya, ya ƙi, ya ce ba abin dariya. Aka ce ya nuna fushi, sai ya yi abin da ya firgita ɗakin. 'Yar wasa Hideko Takamine ce ta je ta kira Kurosawa ta ce ya zo ya ga wani yaro. Kurosawa ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa ya tarar da saurayi yana haukan fushi kamar dabbar da aka raunata tana neman kuɓuta, da ya gama kuma ya zube kan kujera yana hararar alƙalan. Yawancinsu sun ɗauka rashin kunya ce, suka ƙi shi. Kurosawa ya gane kunya ce yaron yake ɓoyewa. Shi da maigidansa, darakta Kajiro Yamamoto, suka tsaya masa, Yamamoto ya ce ya ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya. Da haka aka ɗauke shi.

Wane fim ne ya fara fito da shi?

Na farko da ya yi babbar fitowa shi ne Snow Trail na 1947, wanda Senkichi Taniguchi ya ba da umarni, Kurosawa ya rubuta labarin. Ya fito a ɗaya daga cikin 'yan fashin banki uku da suka gudu cikin duwatsu masu ƙanƙara.

Amma wanda ya mai da shi tauraro shi ne Drunken Angel na 1948. Labarin wani likita ne mashayi a unguwar talakawa ta Tokiyo bayan yaƙi, da wani matashin ɗan daba mai suna Matsunaga da tarin fuka yake ci yana musun ciwon. Asali likitan ne jarumin fim ɗin, kuma Takashi Shimura, gogaggen ɗan wasa, shi ya fito a likitan. Sai dai da zarar Mifune ya shigo ido ba ya barin kansa, har Kurosawa ya yarda cewa ɗan daban ya rinjayi labarin fiye da yadda aka tsara. Shekara ɗaya bayan nan suka yi Stray Dog, inda ya fito a sabon ɗan sanda da aka zare wa bindiga a cikin bas ana tsananin zafi, ya bi lungunan birni yana nemanta, ana ta aikata laifi da harsasanta. Shimura ya sake fitowa a matsayin babba mai kwantar masa da hankali. Wannan haɗi na dattijo mai sanyi da yaro mai zafin kai sun maimaita shi sau da yawa.

Me ya sa ake yawan ambaton Rashomon?

Domin shi ne ya buɗe wa fina-finan Japan ƙofar duniya. Ya fito a 1950, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Venis a Italiya a 1951, sannan aka ba shi kyautar girmamawa ta Oscar. Kafin nan 'yan kallon Turai da Amurka ba su san ana yin fim mai wannan nauyi a Japan ba.

Labarin kisa ne a daji. An kashe wani samurai, wato mayaƙin Japan na zamanin da, an keta haddin matarsa, aka kama ɗan fashi Tajomaru. Mutum huɗu suka ba da labarin abin da ya faru: ɗan fashin, matar, mamacin ta bakin wata 'yar bori irin tasu, da wani mai saran itace da ya gani daga ɓoye. Kowa da irin nasa, kuma kowa ya gyara labarin yadda zai kare mutuncinsa. Aikin Mifune a nan ya fi yadda ake zato wuya, don mutum ɗaya ya fito da shi ta fuskoki daban-daban. A bakin kansa Tajomaru namijin duniya ne mai iya takobi. A bakin mai saran itace kuwa matsoraci ne, hannu na rawa, yana rarrafe a ƙasa yana haki. Ana cikin shirin fim ɗin ne suka kalli wani fim na dabbobin dajin Afirka, Kurosawa ya nuna masa zaki ya ce haka yake son ɗan fashin ya kasance. Shi ya sa za ka gan shi kwance gindin bishiya yana korar ƙuda da kasala, kafin ƙiftawar ido ya zabura.

A Seven Samurai shi ne shugaban samurai bakwai ɗin?

Ba shi ba ne. Shimura ne shugaba, Kambei. Mifune shi ne na bakwai, wanda ma ba a gayyace shi ba, ya bi su a baya har suka gaji suka ƙyale shi.

Fim ɗin na 1954 ne, tsawonsa minti 207. Wani ƙauye ne da mahara suke jira a yi girbi su zo su kwashe amfanin gona, sai manoman suka tafi gari neman mayaƙan da za su yarda su kare su, ladansu abinci kawai. Mai karatu a yankinmu ba ya bukatar dogon bayani kan irin wannan tsoro. Mifune ya fito a Kikuchiyo, wani mai surutu da ɗaukar takobin da ya kusa tsawonsa, yana yawo da takardar asalin wani gidan samurai da ya sato. Da aka duba sunan da ya nuna a takardar, sai aka ga in da gaske shi ne, shekararsa goma sha uku. Rabin farko na fim ɗin shi ne abin dariya.

Sai a zo fitowar da ta sa ake kiran wannan wasa da ɗaya daga cikin mafiya kyau a tarihin fim. Samurai ɗin sun gano cewa manoman suna da sulke da makamai da suka tuɓe daga jikin mayaƙan da suka kashe bayan an ci su da yaƙi, ransu ya ɓaci. Kikuchiyo, sanye da ɗaya daga cikin sulken, ya fara zazzaga wa manoma zagi: maƙaryata ne, marowata, suna kukan babu alhali sun binne shinkafa da gishiri da giya a ƙarƙashin daɓe. Yana faɗa yana dariya. Can sai muryar ta juya, ya tambaye su wa ya mai da manoma haka, in ba samurai ba, masu ƙone ƙauyuka, su kwashe abinci, su ɗauke mata. Ya durƙushe yana kuka. A nan Kambei ya gane cewa ɗan manoma ne. Duka wannan bai wuce 'yan mintoci ba, kuma ba za ka iya nuna daidai inda dariyar ta koma kuka ba. Daga baya, lokacin da mahara suka ƙone gidan niƙa, wata mata da aka soka ta miƙa jaririnta ta faɗi, Kikuchiyo ya rungume yaron a tsakiyar rafi yana kururuwa cewa abin da ya faru da shi ke nan yana jariri.

To mene ne ya bambanta shi da sauran 'yan wasa? Ba ihu da zare ido ba ne kawai?

Wannan ita ce fahimtar da ta fi yawa, kuma ba daidai ba ce. Abin da Kurosawa ya fi yabawa a wurinsa sauri ne. Ya rubuta cewa abin da ɗan wasan Japan na yau da kullum zai bukaci ƙafa goma na zaren fim kafin ya isar, Mifune ƙafa uku ta ishe shi. Ba gudu ake nufi ba. Ana nufin fuskarsa da jikinsa kan sauya daga wani hali zuwa wani ba tare da share fage ba, kuma mai kallo ya gane nan take.

Sannan da jiki yake wasa, ba da baki kaɗai ba. A farkon Yojimbo kyamara tana bin sa ta baya, ba ka ga fuskarsa ba, sai ya ɗaga kafaɗa ya girgiza ta kamar wanda ƙwarƙwata ta dama. Daga wannan motsi kaɗai ka san mutumin nan ya daɗe bai kwana a gado ba, kuma bai damu da kowa ba. A ganina ihun da aka san shi da shi yana tasiri ne saboda ya iya shiru. Kalli rabin farko na High and Low, inda yake tsaye a falo ana jiran ya yanke shawara, ba ya cewa komai, amma kana ganin lissafin da yake yi a wuyansa da yatsunsa. Wanda ihu kawai ya iya ba zai riƙe kyamara haka ba.

Gaskiya ne akwai fina-finan da ya wuce gona da iri, musamman a hannun daraktocin da suke jin nauyin ce masa ya rage. Wannan laifin na raba-daidai ne tsakaninsa da su.

Da gaske ne an harbe shi da kibiyoyi na gaske a wani fim?

Da gaske ne. A ƙarshen Throne of Blood na 1957, wanda aka gina kan wasan Macbeth na Shakespeare aka mai da shi zamanin yaƙe-yaƙen sarakunan Japan, sojojin Washizu, sarkin yaƙin da Mifune ya fito a matsayinsa, sun juya masa baya suna yi masa ruwan kibau yana kan benen katako. Ƙwararrun maharba aka kawo suna sakin kibiyoyi na gaske suna cakewa a bangon da ke gefensa. Yadda yake wurwurga hannu kamar yana ture kibau, alama ce yake ba su ta inda zai nufa. An yi amfani da gilashin kyamara mai jawo nesa kusa don tazarar ta ƙara matsewa a ido, ita kuma kibiyar da ta huda wuyansa dabarar haɗa hoto ce. Amma tsoron da ke fuskarsa ba na wasa ba ne.

Ban da fina-finan takobi, ya yi wasu?

Da yawa, kuma wasu daga cikin mafiya kyawun ayyukansa babu takobi a ciki. A I Live in Fear na 1955, yana da shekara 35, ya fito a tsoho mai masana'antar narka ƙarfe wanda tsoron bam ɗin nukiliya ya hana shi sakat, ya dage sai ya kwashe iyalinsa duka zuwa Birazil, 'ya'yansa suka kai shi kotu don a hana shi taɓa dukiyarsa. Shekara goma ke nan kacal bayan Hiroshima da Nagasaki. Mutane da yawa ba sa gane shi a fim ɗin.

A The Rickshaw Man na 1958, na darakta Hiroshi Inagaki, ya fito a mai jan keken ɗaukar mutane, jahili mai faɗa, da ya ɗauki nauyin kula da ɗan wata bazawara, yana son ta bai taɓa iya furtawa ba saboda bambancin matsayi. Fim ɗin ya ci babbar kyautar Venis. A High and Low na 1963 kuma shi ne Gondo, babban jami'i a kamfanin takalma a Yokohama, wanda ya jinginar da duk abin da ya mallaka don ya karɓe ragamar kamfanin. A daren ne aka bugo waya an sace ɗansa, ana neman yen miliyan 30. Can sai ga ɗan nasa ya shigo. Ashe ɗan direbansa aka ɗauka bisa kuskure, kuma mai garkuwar ya ce duk da haka sai ya biya. Spike Lee ya sake yin wannan labari a 2025 da Denzel Washington.

Ko a ɓangaren takobin ma ba Kurosawa kaɗai ba ne. Inagaki ya yi fina-finai uku da shi tsakanin 1954 da 1956 kan rayuwar shahararren mai takobi Miyamoto Musashi, na farkon ya samu kyautar girmamawa ta Oscar. Akwai kuma Samurai Rebellion na Masaki Kobayashi a 1967, inda ya fito a uban da ya yi biyayya duk rayuwarsa, har ranar da ubangidansa ya nemi a kashe auren ɗan wannan uban.

Akwai alaƙa tsakanin fina-finansa da waɗanda muka saba kallo?

Akwai, ko da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Yojimbo na 1961 labarin wani mayaƙi ne marar ubangida da ya shiga garin da ƙungiyoyin 'yan daba biyu suka raba, abin da ya fara tarar sa kare ne ɗauke da hannun mutum a baki. Ya sayar da kansa ga wannan ɓangare, ya sayar ga wancan, har suka cinye juna. Sergio Leone na Italiya ya ɗauki labarin kusan fitowa bayan fitowa ya yi A Fistful of Dollars a 1964 ba tare da izini ba, fim ɗin da ya fito da Clint Eastwood. Toho ta kai ƙara, aka sasanta da ba su kaso daga kuɗin da fim ɗin ya samu. Duk wani jarumin kaboyi marar suna, marar yawan magana, da ke shigowa gari shi kaɗai, jikan wannan mayaƙi ne. Shi ma Seven Samurai an mai da shi The Magnificent Seven a Amurka a 1960.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Sholay na 1975, da aka sha kallo a gidajen sinima na Arewa. Ƙauyen da ɗan fashi ya addaba, aka ɗauko mutanen waje masu iya faɗa su kare shi: wannan ginshiƙi daga Seven Samurai ya gangaro, ta hanyar fina-finan kaboyi, kafin Indiyawa su zuba masa waƙa da soyayya da Gabbar Singh.

Me ya raba shi da Kurosawa?

Fim ɗinsu na ƙarshe shi ne Red Beard na 1965, inda ya fito a babban likitan wani asibitin talakawa a zamanin da ake kiran Tokiyo da suna Edo. Aikin ya ci kusan shekara biyu. Duk tsawon lokacin dole Mifune ya bar gemun da aka san likitan da shi, abin da ya hana shi karɓar wasu ayyuka. Ga shi kuwa ya riga ya kafa kamfaninsa, Mifune Productions, da ma'aikata masu jiran albashi. Wasan ya ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa a Venis karo na biyu, bayan wadda ya ci da Yojimbo, amma daga nan ba su sake aiki tare ba.

Ba gemu kaɗai ba ne. Lokacin ne talabijin ya fara kwashe wa sinima 'yan kallo a Japan, kamfanoni suka daina zuba kuɗi a irin manyan fina-finan Kurosawa masu cin lokaci. Daga 1965 zuwa 1985 fim huɗu kacal Kurosawa ya ƙara yi, ɗaya duk shekara biyar. Mifune kuma ya zama mai kamfani, dole ya karɓi aikin da zai biya bashi, har da shirye-shiryen talabijin da Kurosawa yake gani ba su kai darajarsa ba. Da Kurosawa ya dawo fina-finan samurai da Kagemusha a 1980 da Ran a 1985, Tatsuya Nakadai ne ya ja su, wanda shi ne abokin gabar Mifune mai ƙaramar bindiga a Yojimbo.

Kowa ya yi asara. Mifune bai sake samun daraktan da ya san inda zai taɓa shi ba. Fina-finan Kurosawa na baya kuma, duk da kyawunsu, sun yi sanyi, babu wannan mutum da zai shigo ya hargitsa tsarin da aka shirya. Mifune bai daina girmama shi a bainar jama'a ba har ya mutu.

Ya yi fina-finai a ƙasashen waje? Yana jin Turanci?

Ya yi. Na farko ma ba na Amurka ba ne, na Meziko ne: Ánimas Trujano na 1961, inda ya fito a wani ɗan asalin ƙasar mashayi mai burin a naɗa shi uban bikin garinsu. Ya haddace maganganunsa da Sifaniyanci don bakinsa ya dace, aka ɗora muryar wani. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar. Sai Grand Prix na 1966 kan tseren motoci, da Hell in the Pacific na 1968 inda shi da Lee Marvin kaɗai ne a tsibiri, sojan Japan da na Amurka da ba sa jin yaren juna. Su biyun duk sun yi soja a yaƙin na gaske. A Red Sun na 1971 ya haɗu da Charles Bronson da Alain Delon, a Midway na 1976 ya fito a Admiral Yamamoto, babban kwamandan sojan ruwan Japan, Steven Spielberg ya sa shi a fim ɗinsa mai suna 1941, sannan shirin talabijin na Shogun a 1980, inda ya fito a Toranaga, ya shigar da shi gidajen miliyoyin Amurkawa.

Turancinsa bai yi ƙarfi ba. Haddacewa yake yi da kunne, kuma a wasu fina-finan, kamar Grand Prix da Midway, muryar Paul Frees aka ɗora masa. Wannan ya rage wa wasan armashi ƙwarai, don rabin ƙarfin Mifune a muryar nan tasa mai kauri yake.

An ce ya ƙi fitowa a Star Wars?

'Yarsa Mika ce ta faɗi haka a 2015, cewa an yi masa tayin fitowa a Obi-Wan Kenobi, dattijon mayaƙin da ke cikin fim ɗin, ya ƙi saboda yana tsoron fim ɗin zai zubar da ƙimar samurai. Abin da George Lucas, wanda ya ƙirƙiro Star Wars, ya tabbatar da kansa shi ne ya ɗauki dabarar ba da labari ta idon ƙananan mutane biyu daga The Hidden Fortress na 1958, fim ɗin da Mifune ya fito a janar mai rakiyar gimbiya ta ƙasar abokan gaba.

Yaya halinsa yake a bayan kyamara?

Kishiyar abin da ake gani a allo. Abokan aikinsa sun shaide shi da zuwa wurin aiki da wuri, ya riga ya haddace komai, ba ya riƙe takarda a lokeshin. Mai tsabta ne har abin ya yi yawa. Baƙi sukan tarar da shi yana shara ko wanke tokar sigari a kamfaninsa, su ɗauka ma'aikaci ne. A 1958, da guguwa ta jawo ambaliya a unguwarsu ta Seijo a Tokiyo, ya fito da kwalekwalensa mai inji ya kwashe maƙwabta. A ɗaya gefen kuma mashayi ne sosai, mai son motoci masu gudu, kuma idan ya sha, fushin da yake dannewa da rana yakan fito. Fim ɗaya tak ya taɓa ba da umarni, a 1963, bai sake ba.

Da wanne ya kamata in fara?

Da Yojimbo. Bai kai awa biyu ba, akwai dariya, labarin a miƙe yake. In ya yi maka, ka bi da Sanjuro na 1962, ci gaban labarin mayaƙin nan ne. Daga nan High and Low, don ka gan shi cikin kwat. Seven Samurai ka bar shi sai ranar da kake da awa uku da rabi ba mai damun ka, akwai hutu a tsakiyarsa. Rashomon gajere ne amma yana son natsuwa, kuma saboda batun fyaɗe da ke ciki ba na yara ba ne. Duk fina-finan da ya yi da Kurosawa baƙi-da-fari ne, da Japananci ake magana, sai ka nemi mai fassarar rubutu a ƙasa. Ka guji wanda aka ɗora wa wata murya.

Yaya ƙarshen rayuwarsa ya kasance?

Ya auri Sachiko Yoshimine a 1950, wadda suka shiga Toho tare, suka haifi 'ya'ya maza biyu. Auren ya lalace, suka yi shekaru a kotu ba a kai ga saki ba, shi kuma ya zauna da 'yar wasa Mika Kitagawa, wadda ta haifa masa 'ya a 1982, ita ma sunanta Mika. Kamfaninsa ya yi rauni bayan da wasu manyan ma'aikata da 'yan wasa suka ɓalle a ƙarshen shekarun 1970. Ya ci gaba da fitowa jefi-jefi. A 1989 ya fito a Sen no Rikyu, malamin shayin nan na ƙarni na 16, a fim ɗin Kei Kumai, kuma fim ɗinsa na ƙarshe, Deep River na 1995, shi ma na Kumai ne.

A shekarunsa na ƙarshe ciwon zuciya da ciwon mantuwa suka kama shi. Sachiko ta dawo ta yi jinyarsa har ta riga shi rasuwa a 1995. Ya rasu a wani asibiti a Mitaka, a yankin Tokiyo, bayan gaɓoɓin cikinsa sun daina aiki. Kurosawa, wanda shi ma yake kwance, ya bi shi ranar 6 ga Satumba 1998, wata tara bai cika ba. A 2015 Steven Okazaki ya fitar da fim kan tarihinsa mai suna Mifune: The Last Samurai, a 2016 kuma aka sa tauraro mai sunansa a titin girmama taurari na Hollywood.